Tsanin Da Aka Jingina A Bangon Birni

A wannan fitowa mun ɗan ajiye zancen alƙalami, za mu taɓa zancen allura da ma'aunin zafi, da kuma wata takarda da ake kira digiri. Mu malaman sakandare ne a ƙasar Doguwa, can ƙarshen Jihar Kano ta kudu, inda in ka wuce Tudun Wada ka ratsa dajin Falgore sai ka ga duwatsu sun fara tasowa, ka san ka doshi iyaka da Kaduna da Bauci. Kusan shekara ashirin ke nan muna riƙe da alli, kuma a tsawon wannan lokaci babu sana'ar da ɗalibanmu na ajin kimiyya, musamman 'yan mata, suka fi ambato kamar aikin jinya. Dalilin kuwa a fili yake. Yarinya ba ta taɓa ganin injiniya mace ba, lauya kuma sai a fim, amma ta ga nas da fararen kaya ranar da aka kai innarta haihuwa, ta kuma lura da yadda dattawa masu furfura suke rage murya in nas ɗin tana magana. Iyaye ma sun fi sakin jiki da wannan karatu, domin ko mai tsananin kulle ya fi so a ce mace ce za ta duba iyalinsa.

Da zarar sakamakon jarrabawa ya fito sai tambaya ta biyo baya: "Malam, makarantar nas zan nema ko jami'a?" Mai karatu zai iya cewa ai duk kanwar ja ce, tunda ko wacce aka shiga allura za a yi. To, ba haka abin yake ba. A Nijeriya hanya biyu ce tun da daɗewa. Ta farko ita ce makarantar koyon aikin jinya, irin ta Kano da ta Madobi, ko ta unguwarzoma irin ta Dambatta, inda ake shekara 3 ana karatu, rabi a aji rabi a gefen gadon majinyaci, sa'an nan a zauna jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya, wadda dokar soja ta 1979 ta kafa, a sami rajista da lasisi. Ta biyu ita ce jami'a, irin Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya ko Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Can shekara 5 ake yi, a fito da digiri da rajista, a ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki. Ɗan talakan Doguwa kusan kullum ta farkon yake bi, saboda ta fi gajarta, kuma uban da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin makaranta yana so ya ga albashi kafin ƙarfinsa ya ƙare. A 'yan shekarun nan an shiga mayar da waɗannan makarantu kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma ta ƙasa a shekara 4, amma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san tsohon rikicin babbar difloma da digiri. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ya zama doka ba.

Mun san ɗacin wannan magana a kan harshenmu, domin mu ma difloma ce a jakarmu. Malamin da ya daɗe yana koyarwa da difloma ya saba ganin yaron da ya riƙe wa hannu a aji ɗaya ya dawo da digiri an ɗora shi a kansa, malamin ya miƙe ya ba shi kujera yana cewa "ranka ya daɗe", yaron kuma kunya ta hana shi zama. Haka nas ɗin da ta fito makarantar jinya. Za ta yi shekaru tana karɓar haihuwa cikin dare da fitilar waya, ta iya gano jijiyar jaririn da ruwa ya ƙare a jikinsa ba tare da lalube ba, amma akwai matakin da in ta kai sai ta tsaya cik, domin kujerun darakta na masu digiri ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, in ji masu magana, ko da yake a nan gardin ma bai yi laifi ba, karatunsa ya yi.

Shin akwai tsanin da za ta taka? Akwai. Nas mai rajista tana iya cike takardar JAMB ta shiga jami'a kai tsaye, a yafe mata shekarar farko ta fara daga aji biyu. Watau saura shekara 4. In ka haɗa da 3 ɗin da ta yi a baya, shekara 7 ke nan kafin ta kai inda ƙawarta ta kai a 5, ban da shekarun aiki da ba a lissafa mata ko ɗaya. Akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ke karɓar masu rajista su yi digiri suna bakin aikinsu. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, digirin jinya na farko a ƙasar nan, wanda Jami'ar Ibadan ta fara a 1965 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, tun asali domin irin waɗannan aka yi shi: ma'aikatan da suka riga suka yi rajista suka san aiki, a ɗauko su a ƙara musu ilmin koyarwa da na shugabanci. Sai a 1973 Jami'ar Ife ta fara ɗaukar ɗalibi kai tsaye daga sakandare. Hanyar tsofaffin hannu ce ta riga zuwa gidan, amma yau ita ce 'yar bora.

Girman bambancin ya ƙara fitowa fili da tsofaffin ɗalibanmu suka fara ƙetare iyaka. Akwai wani yaro mai natsuwa daga wajen Burji, wanda ya fito makarantar jinya ya yi shekara shida a wani asibitin gwamnati, sa'an nan Allah ya ba shi aiki a Saudiyya. Da ya zo hutu ya kawo mana dabino da turare, muka zauna a gindin darbejiya muka tambaye shi aiki. Ya ce, "Malam, alhamdu lillahi, kuɗi kam sun fi na gida nesa ba kusa ba. Amma can ma takardar nan ta bi ni." Hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya a Saudiyya aji-aji take rubuta mutane. Mai difloma sunansa fanni, watau ma'aikacin hannu, mai digiri kuma akhissa'i, watau ƙwararre, kuma albashi da ƙarin girma duk wannan rubutu suke bi. Ya ce akwai 'yan ƙasar Filifin da suka zo bayansa, shi yake nuna musu yadda ake sa robar ƙarin ruwa ga tsohon da jijiyarsa ta ɓuya, amma su ne a sama, domin a ƙasarsu ba a fitar da nas sai da digirin shekara 4.

Ingila tata dabarar daban. Tun 2013 duk sabon nas da za a horar a can sai ta hanyar digiri, amma hakan bai hana su karɓar namu mai difloma ba, muddin ya ci jarrabawar Turanci, ya ci ta kwamfuta tun daga gida, ya je can ya ci ta gwajin hannu. In ya zauna, jami'o'insu suna da kwas na cike giɓi, na shekara guda ko kusa da haka, wanda ke mayar da diflomarsa digiri yana kan aiki.

Amma labarin da ya fi tsaya mana a rai na Kanada ne. Wata ɗalibarmu ce, cikin 'yan matan da suka fi kowa ƙoƙari a darasin ilmin halittu, ta yi makarantar jinya, ta yi aiki, sai aure ya kai ta Kanada, inda maigidanta ya je ƙaro ilmi ya kuma zauna. Lardin Ontariyo, inda birnin Toranto yake, tun daga farkon 2005 ya yanke cewa duk sabon mai shiga babbar rajistar jinya sai da digiri. Saboda haka yarinyar nan da ta karɓi haihuwa ba iyaka a gida, da ta isa can ba ta da izinin ko ba da ƙwayar magani da sunan nas. Sai da ta yi wata da watanni tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana wanka da shimfiɗa da ba da abinci a baki, takardunta kuma suna hannun masu tantancewa. Ta ce mana a saƙon murya ta WhatsApp, "Malam, wallahi ranar farko da na ga wata tana fama da jijiyar wata tsohuwa, hannuna har ƙaiƙayi yake yi, amma ba dama in taɓa." Sai dai mutanen can ba su bar ƙofar a rufe ba. Wasu jami'o'insu sun tsara digiri na musamman domin ma'aikatan jinyar da suka yi karatu a ƙasashen waje. Jami'ar York da ke Toranto, alal misali, ta tsara nata a kan kimanin wata 20, ga waɗanda suka riga suka sami zama a ƙasar. Irin wannan kwas ta shiga. Aka koya mata dokokin aikin a can, da haƙƙin majinyaci na a yi masa bayani kafin a taɓa shi, da rubuta rahoto a kwamfuta, da karanta sakamakon bincike, aka kuma tura ta asibitoci ta yi aiki ƙarƙashin ido. Kalmar da ta faɗa wadda muka riƙe ita ce, "Malam, ba su sake koya mini allura ba. Sun auna abin da na zo da shi ne, suka ɗora daga nan."

Jama'a, a duba wannan lissafi. Baƙi, waɗanda ba su san Madobi ba, ba su san wa ya koyar da ita ba, sun auna ta sun ce wata 20. Gida, inda aka horar da ita, aka yi mata jarrabawa, aka ba ta lasisi, aka ga aikinta shekara da shekaru, ya ce shekara 4. Ba mu ce Turawan nan don Allah suke yi ba. Kuɗin makarantar ba kaɗan ba ne, ga haya, ga sanyi, kuma ribar tasu ce: sun tsinci ma'aikaciyar da talakan Kano ya riga ya biya kuɗin horar da ita, sun ƙara mata ɗan gishiri sun sa a tukunyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da wannan, shi ya sa ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe a 2010, kuma a jerin da ta sabunta a 2023 na ƙasashe 55 da bai kamata a je ana farautar ma'aikatansu ba, akwai Nijeriya akwai Nijar. Amma ƙa'idar ba ta hana mutum ya nemi aiki da ƙafarsa ba, kuma a waɗannan shekaru Nijeriya tana cikin ƙasashe uku da suka fi cika rajistar jinya ta Birtaniya da baƙi, bayan Indiya da Filifin.

A ɗakin malamai mun sha gardama a kan ko digirin nan takarda ce kawai. Wani abokin aikinmu, shi ma mai difloma, ra'ayinsa shi ne duk yaudarar 'yan boko ce, da tsohuwar zuma ake magani. Zuciya tana son ta bi shi, amma akwai abin da ya hana. A 2014 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta suka yi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, a kan majinyata sama da 420,000 da aka yi wa tiyata. Sun gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan jinya masu digiri a asibiti yana tafiya tare da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 7 cikin 100. Saboda haka karatun yana da amfani, kuma a ganinmu inda ya fi amfani shi ne wuri irin namu, inda likita ke da nisa, nas ce za ta yanke hukunci ita kaɗai da tsakar dare ko wannan mai naƙuda za ta iya jira ko a nemo mota yanzu. Amma binciken nan yana da wani rabin da masu ɗaga digiri ba su cika karantawa ba: duk majinyaci guda da aka ƙara wa nas a kan nauyinta yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 7 cikin 100 shi ma. In aka ba mutum digiri aka bar shi da ɗaki cike shi kaɗai, an ba da dama an karɓe da hagu.

Akwai kuma masu tahowa ta ɗaya ɓangaren, watau 'ya'yanmu da suka yi karatun jinyar a waje suka dawo gida. Su ma baƙi ne a idon doka. Tsakanin 2011 da 2015 Gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗalibai da yawa ƙasashen waje, ciki har da Masar da Sudan, domin karatun likita da sauran fannonin lafiya, kuma iyaye masu hali suka bi sahu da kuɗinsu. Wasu ba su yi nisa ba, Maraɗi kawai suka tsallaka, inda aka kafa Jami'ar Maryam Abacha a 2013, har da ma'aikatan jinya masu rajista da suka je neman digirin da ya yi musu wuya a gida. Duk wanda ya dawo da takardar waje ba ya sa fararen kaya nan take. Sai an tantance makarantarsa da sakamakonsa, ya yi wasu watanni na sabawa da asibitocinmu, sa'an nan ya zauna jarrabawar hukuma kamar kowa.

Wannan hanya ita ma tana da ƙayarta, kuma 2023 ta nuna mana. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Sudan. Ɗalibanmu da ke Hartum aka kwaso su a motocin safa, wasu suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar, wasu ta Port Sudan, sai cikin watan Mayu jirage suka fara sauke su a Abuja. Cikinsu akwai wata 'yar wajen Dadin Kowa da muka koyar, wadda kawunta ya ɗauki nauyinta, tana shekarar ƙarshe a karatun jinya. Ta dawo da jaka ɗaya. Takardun sakamakonta na shekara uku suna cikin wani ofis da ba wanda ya san ko yana tsaye. An yi tsarin shigar da irinsu jami'o'in gida, amma kowace ƙofa shaidar abin da aka karanta take tambaya, kuma da gaskiyarta. Sai da ta yi fiye da shekara a gida tana taya innarta surfe kafin takardun su iso ta intanet, da aka karɓe ta kuma aka mayar da ita baya. Bayan wata uku da fara yaƙin Sudan sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar, aka rufe iyaka daga Agusta har zuwa Maris na 2024, 'yan Maraɗi su ma suka ɗanɗana nasu.

Kada mai karatu ya zaci muna cewa a daina tantancewa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har Gwamnatin Tarayya ta dakatar da karɓar takardun Binin da Togo a farkon Janairun 2024. In digirin aikin jarida na jabu ne, abin da zai lalace labari ne. In na jinya ne, a maƙabarta za a gane. Saboda haka a bincika, a tsananta ma. Abin da muke cewa shi ne, ma'aunin da zai iya kama mai takardar jabu ya kamata ya iya gane mai ilmin gaske, ya kuma gane shi da wuri.

Ba yau aka fara wannan ba. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, malamar makaranta ce kamar mu kafin ta tafi Ingila a 1946 ta shiga makarantar jinya ta asibitin St Thomas a Landan. Ta sami rajista a 1950, kuma ita ake lissafawa baƙar fata ta farko da ta yi aikin jinya a hukumar lafiya ta Birtaniya. Da ta dawo gida a 1954 ta nemi muƙamin shugabar ɗaki a asibitin koyarwa na Ibadan, aka hana ta, domin a lokacin kujerar ta Turawa ce, alhali takardarta da tasu wuri ɗaya suka fito. Bayan shekara goma, a 1964, ita ce ta zama shugabar ma'aikatan jinyar wannan asibiti, 'yar ƙasa ta farko, a 1965 kuma babbar jami'ar jinya ta Tarayya. Mukan ba 'yan matan ajinmu wannan labari, sukan ji daɗinsa, ko da yake mun lura shekara goman nan ba ta cika shiga kunnensu ba.

A Fabrairun 2024 hukumar jinya ta ƙasa ta fitar da sanarwa cewa ba za ta aika wa wata ƙasa shaidar tantance nas ba sai ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki bayan samun lasisi. Magatakardanta na lokacin, Dokta Faruk Abubakar, ya ce sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta sa baki. Mun fahimci tsoron hukuma, domin mu ne muke kai marasa lafiya asibiti mu tarar da layi. Amma wanda ya taɓa kiwo ya san dabaibayi ba ya sa akuya ta so gida, dusa ce ke sa ta dawo da yamma. Cikin abin da ke jan yaran nan waje akwai kuɗi, ba shakka, amma duk wanda muka zanta da shi sai ya ambaci ƙarin karatu.

'Yan'uwa marubuta, bari mu ɗan tsokane ku a nan. A littattafanmu jaruma takan hau jirgi a shafi na 40 ta dawo likita a shafi na 45, ana tarbarta da jerin motoci. Har yanzu ba mu ci karo da littafin da jarumarsa nas ce mai yawo da fayil daga ofis zuwa ofis ba, ko wadda ta iya aiki aka hana ta taɓa majinyaci a ƙasar sanyi, ko wadda ta gudo daga yaƙi ta bar shekara uku a aljihun teburin wani. Ga labari nan zube a ƙasa, da soyayyarsa da komai, domin yawancinsu a tsakiyar wannan hali ake yi musu maganar aure.

Yanzu a tsaya a Doguwa a dubi tsanin. Jami'a tana birni. Asibitin koyarwa yana birni. Buɗaɗɗiyar jami'a darasinta a intanet yake, mu kuwa akwai ƙauyukanmu ta wajen Riruwai da sai an hau tudu ake samun sabis, sa'an nan jarrabawa da horon asibiti duk sai an yi tafiya, a ratsa Falgore a je a dawo da kuɗin mota daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba. Wadda ta daure ta tafi ta yi shekara 4 a Kano, kafin ta gama 'ya'yanta sun shiga makaranta a can, maigida ya sami abin yi, kujerar da ta dace da digirin nata ma a can take. Ba ta dawowa, kuma ba mu ga laifinta ba. Duk tsanin da aka yi, na gida da na waje, a bangon birni aka jingina shi, wanda ya taka kuma can zai sauka.

Mu malamai an yi mana gata ta wannan fuska. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, ta riƙa kai karatu kusa da malami a ƙarshen mako, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da karatun dogon hutu. Ta nan da yawa daga abokan aikinmu suka hau daga ƙaramar takarda har digiri ba tare da sun bar ajinsu ba, wasunmu kuma nauyin iyali ya zaunar. Da za a yi wa ma'aikatan jinya kwatankwacin haka, a lissafa musu shekarun aiki kamar yadda baƙi suke lissafawa, a ajiye cibiya guda a Tudun Wada wadda Doguwa da Kiru da Bebeji za su iya kaiwa, malaman jami'a su riƙa zuwa maimakon a ce kowa ya je, da an ga canji. Sai dai akwai inda kwatancen ya karye. Malami yana da dogon hutu. A watan Agusta, lokacin da muke kulle ajujuwa wasunmu su nufi Zariya da jakar littattafai, lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, manoma suna zuwa da saran maciji da na fartanya, hanyoyin ƙauye sun yanke. Ba za a iya ba nas hutun karatu ba sai an tanadi wadda za ta riƙe mata wuri.

Akwai wata da muka koyar a shekarunmu na farko, yanzu ita kaɗai ce mai rajista a wani ƙaramin asibiti a bayan duwatsu, tare da ma'aikatan lafiya na sa-kai biyu da maigadi. Sau biyu tana samun gurbin digiri. Sau biyun tana rubuta takardar neman hutun karatu, ana ce mata a jira a sami wadda za ta canje ta. Ranar da muka kai wani ɗalibi da kunama ta harba, ta buɗe babban littafin da take rubuta masu awon ciki domin ta nemo mana wata takarda, sai ga takardar shiga jami'ar a tsakiya, ta ninke ta biyu tana alamar shafi da ita. Muka ce, "'Yar nan, ashe har yanzu kina ajiye da ita?" Ta ce, "Malam, wa'adinta ya wuce tun bara. Bana ma na sake cikewa." Sa'an nan ta leƙa waje ta kira mai bi.